Tambaya: Da gaske ne jiki ba ya karɓar bitamin na ƙwaya, kuma zuma tana narkar da yanar ido?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure a kan wata magana da ta raba kan gidanmu biyu. Hajiyarmu ta haura shekara sittin, ta daɗe da ciwon sukari, kuma kullum tana shan metfomin. Tun bara take kukan cewa idonta na dama yana gani kamar ana hazo, kuma da daddare hasken fitilar mota yana tarwatse mata har sai ta kau da kai. Babban yayanmu ya saya mata kafson bitamin na ido a kemis, tana sha kowace safiya da shayinta.

To sai ƙanwarmu ta haɗu da wani mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, wanda ya gaya mata cewa duk bitamin na ƙwaya asarar kuɗi ne, domin hanjin mutum ba ya iya narkar da shi, kuma shaidar hakan ita ce fitsarin mai shan sa yana komawa rawaya shar, wato maganin ya fice kamar yadda ya shiga. Ya sayar mata da wata kwalba ta ruwa da ya ce ita ce jiki ke karɓa gaba ɗaya, sannan ya ce a haɗa zuma farar saƙa da ruwan albasa a riƙa ɗiga wa Hajiya safe da dare, yanar za ta narke ba sai an yi aiki ba. Gaskiya ne fitsarin Hajiya ya canza launi tun da ta fara shan kafson, shi ya sa maganar ta shiga kunnen mata a gidan. Shin maganar mutumin nan tana da tushe? Idan kuma ba ta da shi, mene ne ainihin abin da ke hana jiki cin moriyar bitamin? Kuma ko akwai wani maganin gida da ya halatta a sa a ido, ko dukkansu haɗari ne? Allah ya saka da alheri.

Mai Haɗa Magunguna, Katsina, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Zan tsaya a kan ɓangaren bitamin, wanda shi ne fagena, in bar maganar ido ga ma'abotanta.

Hujjar da mai tallar ya kawo, idan aka dube ta da kyau, kansa take kayarwa. Abin da ke mayar da fitsari rawaya shar shi ne bitamin B2, wanda shi kansa launinsa rawaya ne. Kafin wani abu ya bayyana a fitsari, dole sai ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, jini ya kai shi ƙoda, ƙoda ta tace shi. Abin da hanji ya kasa karɓa ta bayan gida yake fita, ba ya zuwa mafitsara ko kaɗan. Saboda haka launin da kuka gani shaida ce cewa kafson ya narke ya shiga jinin Hajiya, jiki ya ɗebi abin da yake bukata, ya zubar da rarar. Haka bitamin da ke narkewa a ruwa suke, wato C da yawancin dangin B, jiki ba ya tara su da yawa. Ga mutumin da hanjinsa lafiya lau, babu wani bambanci mai girma tsakanin na ruwa da na ƙwaya, sai dai na ruwa ya fi sauƙin haɗiya ga yara da tsofaffi.

Amma akwai ƙanshin gaskiya a cikin maganar cewa ba duk abin da aka haɗiya ne jiki ke amfana da shi ba, kuma dalilan suna cikin kwanon abincinmu ne. Bitamin A, D, E da K a mai suke narkewa, don haka wanda ya sha su da ruwan shayi kawai, cikinsa babu komai, ya rage wa kansa amfaninsu. Ya fi kyau a sha su bayan an ci abin da ke da maiƙo, ko da ƙosai ne, ko tuwo da miyar da aka sa wa man gyaɗa ko man shanu. Haka ma zogale da karas da alayyafo: kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan mai ya fi zogalen da aka tafasa aka sha ruwansa amfani ta wannan fuskar, kuma manja da kansa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A mai yawa.

Sinadarin ƙarfe, wanda ake ba masu juna biyu a wurin awo domin ƙarin jini, shi ne ya fi kowanne tsirfa. Ganyen shayi yana ɗauke da wani abu da ke ɗaure shi a cikin hanji, madara da ƙwayar kalsiyam su ma suna rage shigarsa, amma lemo ko gwaiba ko tumatir suna ƙara masa hanya saboda bitamin C da ke cikinsu. Na sha ganin mace tana shan ƙwayar ƙarin jini da shayi mai kauri da madara, wata da watanni, sannan a ce maganin asibiti ba ya aiki. Tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin shayin da ƙwayar ta isa ta gyara wannan. Gero da dawa da wake ma suna da wani sinadari a dusarsu da ke riƙe ƙarfe da zinki, kuma jiƙawa da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa kamu, yana rage ƙarfinsa. Ita kuwa kalsiyam, jiki ba ya iya karɓar fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a lokaci guda, shi ya sa ake raba ta.

Abu biyu da suka shafi Hajiya kai tsaye. Na farko, shan metfomin na tsawon shekaru yana iya rage shigar bitamin B12, kuma ƙarancinsa yana kawo kasala da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura, don haka ku tambayi likitanta ko ya dace a auna. Wannan ba dalili ne na daina metfomin ba. Na biyu, kada a haɗa mata kwalbar mai talla da kafson kemis ba tare da an san abin da ke ciki ba, domin bitamin A taruwa yake a hanta, kuma idan ya yi yawa guba ne, ga mai ciki kuma yana iya illata ɗan tayi. Ku duba ko kwalbar tana da lambar NAFDAC da jerin abin da aka haɗa. Ku kuma sani cewa lambar da hukumar ke ba mafi yawan magungunan gargajiya tana nuna an duba cewa ba su da cutarwa ne a sha, ba wai an tabbatar suna warkar da duk cututtukan da ake lissafawa a lasifika ba.

Mai Shagon Magungunan Musulunci ya amsa:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin Malam mai haɗa magunguna kuma na ƙaru, musamman maganar fitsari, wadda ban taɓa kallonta ta wannan ɓangaren ba. Sai dai ina so a yi mana adalci, kada a yi wa kowa kuɗin goro. Ba duk mai sayar da zuma da habbatus-sauda da man zaitun ne ɗan lasifika ba. Zuma dai Allah da kansa ya ce akwai waraka a cikinta ga mutane, a Suratun Nahli aya ta 69, kuma kwallin ismid ya zo a hadisi cewa yana ƙara hasken gani. Mumini ba zai yi wasa da wannan ba.

Ni ban taɓa cewa kowa ya sa ruwan albasa a ido ba, kuma ba na yarda da shi. Amma mutane da dama sun dawo shagona sun ce sun ɗiga zuma sun ji idonsu ya washe, to me za a ce da wannan? Sannan a duba dalilin da ya sa dattawa ke zuwa wurinmu tun farko. Tsoho ya taso daga Mashi ko Jibiya, ya biya kuɗin mota, ya yini a layi, a ƙarshe a ce masa sai an yi aiki, shi kuwa a ransa aiki a ido daidai yake da makanta. Wanda ya zauna da shi ya saurare shi, shi zai bi. Ina roƙon ma'aikatan ido da ke nan su ba mu amsa da hujja, ba da raini ba, domin mu ma mu san abin da za mu faɗa wa masu zuwa wurinmu.

Ma'aikacin Jinya na Sashen Ido ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam mai shago, tambayarka ta cancanci amsa, kuma ƙorafinka game da layi da ƙarancin bayani ban musa shi ba. Ayar ta tabbatar da waraka a zuma, amma ba ta ce kowace cuta ba, ba ta kuma ce ta kowace ƙofa ba. Barkono ma abinci ne mai amfani, amma ba wanda ya taɓa cewa don yana da amfani a ciki sai a zuba shi a ido.

Washewar da mutanenka ke ji tana da bayani. Duk abin da ya yi zafi a ido yana sa hawaye ya zubo da yawa, hawayen ya wanke ƙura da kwantsa ya jiƙa saman ido, sai mutum ya ga kamar an share masa gilashi na ɗan lokaci, musamman da hunturu lokacin da idanun kowa a bushe suke. Amma yana ba a saman ido take ba. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske, kuma yana ita ce dusashewar wannan madubin saboda sunadaran da ke cikinsa sun canza, galibi don tsufa, kuma ciwon sukari yana gaggauta ta. Har yau babu wani maganin ɗigawa, na asibiti ko na gida, da aka tabbatar yana mayar da madubin da ya dusashe. Abin da zuma da albasa ke taɓawa shi ne fatar gilashin da ke rufe baƙin ido, wadda kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Idan ta ƙuje, ƙwayoyin cuta suka shiga, sai gyambo, gyambon kuma idan ya warke sai ya bar hakiya, farin tabon da ko an cire yanar daga baya ba za a gani da kyau ba. Mai ciwon sukari kuwa rauninsa ba ya saurin warkewa. Gaskiya ne akwai zumar da ake tacewa a kashe ƙwayoyin cutar cikinta domin wankin gyambo, amma ba ita ce ta cikin galan a kasuwa ba, kuma ita ma ba ta cire yana.

Game da tsoron aiki, ina ganin tushensa yana wurin masu cire yana na gargajiya da ke yawo ƙauyuka, waɗanda ke soka tsinke su tura madubin ya faɗa can cikin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce ta jawo kusan kashi 43 na wannan makantar, kuma fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar gargajiya aka taɓa su, mafi yawansu kuma suka ƙare a makance. Aikin asibiti daban ne: ana kashe zafin idon kawai mutum yana farke, a cire madubin da ya lalace, a saka na roba a gurbinsa, kuma yawanci ba ya kai awa ɗaya.

Malam mai tambaya, abin da ya fi damuna ma ba yanar ba ce. Ba wanda ya duba idon Hajiya ya ce yana ce, ku ne kuka yanke. Sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido, inda hoto ke sauka, kuma wannan ma da hazo-hazo yake farawa. Ga kuma hawan jinin ido, wanda shi ne na biyu a jawo makanta a wancan binciken, yana cin jijiyar gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yanar ido tana iya jira, waɗannan biyun ba sa jira, kuma kowane wata da aka ɓata ana ɗiga zuma nasu ne. Mai ciwon sukari ya kamata a buɗe ƙwayar idonsa da magani a duba bayanta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Shi kuma kafson ido da ake sayarwa da tsada, asalinsa wani babban bincike ne da Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta yi, wanda sakamakonsa ya fito a 2001, na biyunsa kuma a 2013. An gano cewa wani haɗi na bitamin C da E da zinki da wasu sinadarai yana rage haɗarin tsanantar wata cutar tsufa ta tsakiyar bayan ido da kusan kashi 25 cikin ɗari, ga waɗanda cutar ta riga ta kai wani mataki. Bai hana yana ba, bai kuma warkar da ita ba. Saboda haka jikin Hajiya yana karɓar kafson sarai, tambayar ita ce ko ciwonta irin wanda kafson ke yi wa aiki ne.

Ungozoma Mai Ritaya, Daura, ta amsa:

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Allah ya yi muku albarka da wannan tattaunawa. Ni ta ɓangaren mata da yara zan ƙara, domin a can ne maganin gida ya fi yin ɓarna a ɓoye.

Akwai ciwon ido guda da bitamin ke warkarwa da gaske, shi ne dundumi na ƙarancin bitamin A, inda yaro ko mai ciki ba sa gani da zarar magariba ta yi. Idan aka bar shi, musamman bayan ƙyanda, baƙin idon yaro yana iya narkewa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake ba yara kafson nan a makon lafiyar mata da yara sau biyu a shekara: shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5. A baki ake matsa shi, kuma ina jaddada wannan domin na taɓa samun uwar da ta ɓoye shi ta kai gida ta matsa wa ɗanta a ido, a tunaninta hanya ta fi kusa. Ido ta jini yake samun abincinsa.

Sai nonon uwa, wanda kaka za ta ce a tatsa a idon jariri idan yana kwantsa. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba, idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, a kai shi asibiti ranar, domin wani lokaci ciwon sanyi ne ya ɗauka wajen haihuwa, kuma wannan yana iya huda ido kafin a yi suna. Haka idan afolo ta zo gari, za ka ji ruwan sukari, fitsari, har da ruwan batir. Afolo ƙwayar bairos ce, yawanci da kanta take tafiya cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma mafi yawan idanun da na ga sun lalace a lokacinta abin da aka zuba ne ya lalata su.

Malam mai shago, ban ja da hadisin ismid ba, amma ina so ka binciki abin da ake kawo maka da sunan kwalli. Da yawa daga cikin tozalin kasuwa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, kuma da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki, kuma mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake can ta hanyar haƙar zinariya ta zo. Ni dai jikokina ba a sa musu kwalli.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa, musamman Mama ta Daura. Bayan na karanta wa mutanen gida amsoshinku ne ƙanwarmu ta faɗa mini cewa ashe an riga an fara ɗiga haɗin. Yanzu idon ya yi ja yana hawaye, Hajiya kuma ta ce zafin alama ce magani yana aiki. Wani maƙwabci ya kawo wani ɗan maganin ɗigawa daga kemis da ya ce yana kashe ja nan take. Mu sa mata kafin mu samu ganin likita? Kuma ta ci gaba da shan kafson ko ta dakata?

Ma'aikacin Jinya na Sashen Ido ya sake amsawa:

Malam, a dakatar da haɗin yau, kuma kada a sa na maƙwabcin. Da yawa daga cikin magungunan da ke kashe ja nan take suna ɗauke da sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, irin su deksametason ko betametason. Idan akwai ƙujewa ko gyambo a baƙin ido, sitiroyid yana kwantar da jan yayin da ƙwayar cutar ke ci gaba da cin ido, kuma yawan amfani da shi yana tayar da hawan jinin ido, yana kuma kawo yanar da kuke gudu. Na ga yara masu ƙaiƙayin ido na hunturu da aka yi ta saya wa irin wannan shekara da shekaru har jijiyar ganinsu ta tafi.

Ka tambaya tun farko ko akwai maganin gida da ya halatta. Akwai, amma duk a wajen ido suke tsayawa. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora a kan rufaffen ido yana rage ƙaiƙayi da kumburi, mai ɗumi kuma yana taimaka wa ƙurjin fatar ido ya nuna, kuma ana share kwantsa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da tasa audugar. Wuri ɗaya da ake zuba ruwa a cikin ido shi ne idan siminti ko toka ko ruwan batir ko maganin feshi ya faɗa, nan sai a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 zuwa 20 kafin ma a nemi mota.

Tun da idon ya riga ya yi ja kuma Hajiya tana da sukari, kada ku jira mako mai zuwa. Ku kai ta gobe da safe sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani asibitin da ke da likitan ido, idan kuma abin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kafin gobe ta kasa buɗe idon a haske, ko kun ga farin ɗigo a kan baƙin, ko gani ya ƙara raguwa, ku tafi a daren. Kafson kemis ba zai cutar da ita ba idan tana shan adadin da aka rubuta, sai dai ta mayar da shi bayan abinci, kwalbar mai talla kuma a ajiye ta. Ku tafi da kafson da kwalbar da ragowar haɗin zumar da katin sukarinta, ku gaya wa likita komai ba tare da jin kunya ba, kuma wani ya raka ta ya dawo da ita, domin maganin da za a ɗiga don duba bayan ido zai sa ganinta ya dushe na wasu awanni.